Yadda sabon reshen ƙungiyar 'yan'uwantaka ta 'yan Filifin zai tsaya da ƙafarsa a Dubai

Duk inda 'yan Filifin suka kai goma a wata ƙasa, ko Dubai ce ko Doha ko Milan ko Toronto, ba su ɗan lokaci kaɗan, za ka ji an ce an buɗe reshen wata ƙungiya. Wani ne zai hango tambarin ƙungiyarsu a jikin rigar wani a cikin jirgin metro, ya matsa ya ce masa brod, wato ɗan'uwa, su yi musabaha irin tasu, su karɓi lambar juna, kafin wata ya zagayo an buɗe gurup a Messenger mutum ashirin sun shiga ana ta turo tsofaffin hotunan makaranta. Wannan ɓangaren ba shi da wuya ko kaɗan. Inda aikin yake shi ne reshen ya kai shekara biyu bai watse ba, bai jefa ɗan kowa a hannun 'yan sanda ba, kuma a samu mutum ko ɗaya ne a garin da zai ce eh, mutanen nan sun yi min rana.

Ga wanda bai san su ba, su da bakinsu frat suke cewa, kuma yawancinsu a jami'a aka haife su, sunayensu haruffan Girkanci ne. Upsilon Sigma Phi ita ce tsohuwa, tun 1918 a Jami'ar Filifin, kuma tsohon shugaban ƙasar Ferdinand Marcos babba da babban abokin hamayyarsa Ninoy Aquino duk 'yan cikinta ne. Alpha Phi Omega asalinta Amurka ce, 1925 a kwalejin Lafayette, ta shigo Filifin a 1950 ta jami'ar Far Eastern da ke Manila, takenta kuma shugabanci da abota da hidima. Tau Gamma Phi an kafa ta ran 4 ga Oktoba 1968 a harabar Jami'ar Filifin ta Diliman, sai Alpha Kappa Rho a 1973 a jami'ar Santo Tomas. Kada mai karatu ya ɗauke su tamkar ƙungiyoyin asirin da muke ji a jami'o'inmu, waɗannan a fili suke, suna da rajista, akwai alƙalai da likitoci da sanatoci a cikinsu. Amma fa suna da nasu tabon, dukan sababbin shiga da faɗan daba tsakanin wannan ƙungiya da waccan, kuma reshen da bai yarda yana ɗauke da wannan tarihin ba to shi zai fara maimaita shi a ƙasar mutane.

Zan yi maganar ne kamar da kai nake, kai da aka ɗora wa nauyin haɗa reshen, kuma Dubai na ɗauka misali saboda dokokinta sun fi tsauri a kan abubuwan da ƙungiya ke yi kullum.

Fara da sanin su wa kake tare da su

Kafin a buga riga, kafin a yi tuta, zauna da takarda ka rubuta sunan kowa, reshen da ya shiga a gida, shekarar da ya shiga, da mutum biyu da za su shaide shi. Sannan ka tuntuɓi wancan reshen ka tabbatar. Za a samu mai jin haushi, ya ce haba brod ni za ka bincika, ka ba shi haƙuri ka ce da sunanka ka fara. Dalili kuwa a ƙasar waje kowa baƙo ne, mutum zai iya koyon musabaha da 'yan kalmomi a intanet ya shigo don ya ci bashi ya ɓace, wani kuma korarsa aka yi a gida kan laifin da ba ku sani ba.

Daga nan sai ku rubuta wa uwar ƙungiya ku nemi takardar amincewa, kuma ku tambaye su ko akwai wani reshe a garin tuni. Sau da yawa akwai, a Abu Dabi ko Sharja ko ma cikin Dubai ɗin, kuma idan ka bi diddigi sai ka tarar sabon reshen ba buƙata ce ta haife shi ba, wasu ne suka faɗi zaɓe a tsohon suka yi fushi suka fice. In haka ne, gaskiya shawarata ku koma ku sasanta. Reshen da aka gina a kan fushi, fushin ne kawai ke riƙe da shi, ranar da ya huce kowa ya kama gabansa.

Dokar masu gari

Nan ne mutane ke yin ganganci. A Filifin mutum ashirin za su taru a gidan wani su kira kansu ƙungiya ba wanda zai ce musu kanzil, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba haka take ba. A Dubai hukumar raya al'umma da ake kira CDA ce ke ba ƙungiyoyin zumunci lasisi. Ofishin jakadancin Filifin da ke Abu Dabi da ƙaramin ofishinsu na Dubai suna hulɗa da ƙungiyoyin 'yan ƙasarsu, kuma yana da kyau ku je ku gabatar da kanku, ku kai sunayen shugabanni da kundin tsarinku, amma ku sani sanin da jakada ya yi muku ba ya zama lasisin masu ƙasa. Abu biyu ne daban. Ku tambaya a fili, me muke da ikon yi, me ba mu da shi, kuma ku riƙe amsar a rubuce.

Abin da ya fi kama mutanen kirki shi ne tara gudummawa. Dokar tarayya mai lamba 3 ta 2021 ta hana kowa tara kuɗin taimako daga jama'a sai ƙungiyar da ke da izini, kuma hukuncin ya haɗa da tara mai nauyi da ɗauri. Wato ka ga hoton yaro mara lafiya a Cebu, zuciyarka ta karye, ka saka lambar akawun ɗinka a Facebook ka ce a taimaka, to ka taka doka, kyawun niyyarka ba zai cece ka ba. Haka ɗaukar hoton mutum a saka a intanet ba da yardarsa ba, shi ma laifi ne a can. Don haka tun mitin na farko a zaɓi mutum ɗaya tak da zai riƙa saka abu a shafin reshe, sauran kowa ya riƙe hannunsa.

Kowace ƙasa da nata. A Hong Kong doka ta ce sabuwar ƙungiya ta nemi rajista wurin 'yan sanda cikin wata ɗaya da kafuwa, a Kanada ko Italiya kuma rajistar ƙungiyar da ba ta neman riba ake yi, ba wani tashin hankali. Kada ku kwafo abin da reshen Toronto ke yi ku kawo unguwar Satwa ta Dubai.

Maganar duka, a gama ta tun ranar farko

Wannan zan daɗe a kai don rai ne. A watan Fabrairun 1991 wani ɗalibin lauya a jami'ar Ateneo mai suna Lenny Villa ya mutu a wurin bikin shigar da shi ƙungiya, dukan da aka yi masa ne ajalinsa. Wannan mutuwar ce ta jawo dokar farko ta 1995, mai lamba 8049, wadda a gaskiya ba ta hana abin ba, tsara shi kawai ta yi. Aka ci gaba da binne samari. A watan Satumban 2017 Horacio Castillo na uku, wanda ake kira Atio, ɗalibin lauya a Santo Tomas, ya mutu ta wannan hanyar, sai a 2018 aka sa hannu a doka mai lamba 11053 wadda ta haramta dukan gaba ɗaya, ta shafi har ƙungiyoyin unguwa ba na makaranta kaɗai ba. In rai ya salwanta, hukuncin ɗaurin da ya kai shekara 40 ne da tarar feso miliyan 3, kuma cewa ai shi ya yarda a doke shi ba hujja ba ce a kotu, kai ko tsayuwa ka yi a wurin kana kallo ba ka hana ba ana lissafa ka. Duk da haka a Fabrairun 2023 aka tono gawar John Matthew Salilig, ɗalibin jami'ar Adamson da shi ma dukan shiga ƙungiya ya kashe, a wani fili a Cavite.

To a sabon reshe dole za a samu dattijo, wanda ya shiga tun shekarun 1980 ko 1990, da zai ce mu haka muka sha, katakon nan da ake zabga wa mutum a bayan cinya shi ke sa ya san darajar abin da ya shiga. Kada ka yi masa rashin kunya, kuya ne, wato yaya da yarensu, ya girme ka, amma kada ka ba shi ko taku ɗaya. Ka tuna masa cewa yaron da yake son a doka ba ɗalibi ba ne da ubansa ke ciyarwa, ma'aikaci ne da mutum biyar ko shida ke jiran albashinsa a gida, in ƙodarsa ta lalace wa zai biya wa ƙannensa kuɗin makaranta? Kuma a Dubai babu wani abu wai al'adar ƙungiya, duka duka ne, asibiti za su kira 'yan sanda da zarar sun ga cinya ta yi baƙi, daga nan kurkuku, daga kurkuku filin jirgi, da masu dukan da masu kallon. 'Yan Tau Gamma Phi ma a cikin ƙa'idojinsu akwai cewa farkon komai kada ka cutar da kowa, to a riƙe su da maganarsu.

A rubuta haramcin a shafin farko na kundin reshe, kowa ya sa hannu. Ni dai in za a bi tawa, shekarar farko kada a ɗauki sabon mamba ko ɗaya, a tsaya ga waɗanda suka riga suka shiga tun gida. In lokacin ɗauka ya yi kuma uwar ƙungiya ta ba da izini, gwajin ya zama aiki, ya zo ba da jini, ya zo shara, ya raka mara lafiya asibiti, ya koyi tarihin ƙungiya, a yi komai da rana a wurin da kowa zai iya shigowa. Wanda ya jure wata shida yana zuwa aikin da ba a biyansa bayan ya tashi daga dutin awa goma sha biyu, ai ya nuna abin da ake son gani.

Me muka taru mu yi

Yanzu sai manufa, kuma a nan gajartawa ake so. Jimla ɗaya ko biyu da mai gadi da injiniya duk za su iya faɗa ba tare da duba takarda ba. Irin su ɗaukaka zumunci da bunƙasa al'umma ba manufa ba ce, ba wanda zai iya auna ta a ƙarshen shekara. Amma in kuka ce duk mambanmu takardunsa za su zama daidai, kuma za mu ba da jini sau biyu a shekara, to wannan ana iya dubawa a ce an yi ko ba a yi ba.

Hanyar samo ta mai sauƙi ce, a raba ɗan fom kowa ya rubuta aikinsa, ranar hutunsa, abin da ya iya, da abin da ya fi damunsa a zaman garin. In rabin reshen nas-nas ne to aikinku lafiya ne, gwajin hawan jini da siga ga 'yan ƙasarku ta hanyar da hukuma ta yarda. In akwai akantoci, koya wa mutane tattalin albashi ya fi komai amfani, don bashi na cikin manyan abubuwan da ke kai 'yan ci-rani ƙasa.

Shugabanni da lokacin mitin

A irin waɗannan ƙungiyoyi girma na bin shekarar shiga ne, wanda ya riga ka shiga yayanka ne ko da ka girme shi. Wannan yana da kyau wajen gaisuwa da wurin zama, amma kada a raba muƙami da shi. A ba dattawa kujerar masu ba da shawara, a girmama su, ma'aji kuwa a ba wanda ya iya lissafi kuma yake amsa waya. Wa'adi shekara ɗaya ya isa, kuma kowane muƙami a yi masa mataimaki na gaske, saboda a Gulf ba mai tabbas, yau mutum na nan gobe kwantiragi ya ƙare ko kamfani ya rage ma'aikata, an soke bizarsa ya tafi da littafin reshe a jaka.

Haɗin kai kuma ba a wurin jawabi yake lalacewa ba, a ƙananan abubuwa ne. Tun farkon 2022 hutun mako a Daular ya koma Asabar da Lahadi, to sai masu aikin ofis su sa mitin ran Asabar da yamma su ce kowa ya zo, alhali mai aiki a shagon mol da mai aikin otal da nas wannan ne lokacin da aiki ya fi yi musu zafi, mai aikin gida kuwa wata sai Lahadi take samun 'yan awoyi. Bayan wata uku sai ka ga reshen ya zama na injiniyoyi da masu mota, sauran an fara cewa ba su da kishi. Ku riƙa juya ranar, wannan watan Asabar wancan watan tsakiyar mako da dare, a yi kusa da tashar metro, kada ya wuce awa ɗaya da rabi, kuma sakatare ya turo abin da aka yanke a gurup a daren. In ka ga sis, wato 'yar'uwa mamba, ta zo da kayan asibiti a jikinta, ta jingina da bango a falon wani gidan haya a unguwar Karama inda gadaje masu hawa biyu suka cinye rabin ɗakin, idonta na rufewa tana ƙoƙarin sauraro, ka san bai kamata a ɓata mata minti arba'in ana gardamar kalar riga ba.

Sai harshe. Masu Bisaya in sun yi yawa sai su zarce da yarensu, ɗan Ilokano ya zauna shiru kamar baƙo, to a tsayar da Tagalog ko Turanci a lokacin mitin, in an tashi kowa ya yi nasa. Addini ma haka, mafi yawa Katolika ne, amma akwai 'yan Iglesia ni Cristo, akwai Musulmi daga Mindanao, Maranao da Tausug da Maguindanao. In za a ci abinci a tabbatar akwai wanda ba naman alade a ciki kuma ba a haɗa cokali ba, a kula da lokacin sallah da azumi, addu'ar buɗe taro a riƙa karɓa-karɓa. Giya kuwa a raba ta da mitin kwata-kwata, yawancin faɗan da ke raba reshe bayan kwalba ta uku yake farawa.

Kuɗi

In ka tambayi tsofaffin 'yan ci-rani me ya kashe ƙungiyarsu ta baya, da wuya su ce maka aƙida, kuɗi za su ce. Don haka kuɗin wata-wata ya zama kaɗan, wanda mai ƙaramin albashi zai biya bai ji a jikinsa ba, kuma tun wajen neman lasisi ku tambayi yadda doka ta yarda a karɓe shi da inda za a ajiye. Mutum biyu su sa hannu kafin dirhami ɗaya ya fita. Kowane kashe kuɗi da rasit, a ɗauki hotonsa a saka a gurup a ranar. A kowane mitin ma'aji ya buɗe littafi a gaban kowa ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita da abin da ya rage, ko da dirhami 200 ne, ko da kowa ya gaji. Ranar da aka fara cewa a bari sai wata mai zuwa, ranar zargi ya shigo.

Kada reshe ya ba da bashi daga asusunsa. Na san da zafi, ɗan'uwa zai zo da hawaye ya ce mahaifiyarsa na asibiti, amma in kuka ba shi bai biya ba kun rasa kuɗin kun rasa shi, don kunya za ta hana shi zuwa mitin. Wanda zai taimaka ya taimaka daga aljihunsa a matsayin kyauta. Suna da adashi irin namu sak, paluwagan suke ce masa, kuma yadda namu ke watsewa in mai kwasar farko ya gudu haka nasu, to masu so su yi tsakaninsu amma kada a sa sunan reshe a ciki. Sannan a ja kunnen kowa kan masu ba da bashin nan na karɓi biyar ka biya shida, musamman masu riƙe fasfo a matsayin jingina, da kuma tsaya wa wani a banki. Kalmar brod ta sha sa mutane sa hannu a takardar da ta hana su komawa gida.

Hidima, daga cikin gida tukuna

Kafin ku fita taimakon duniya ku duba naku. Aiki na farko da zan ba kowane sabon reshe shi ne ranar duba takardu. Kowa ya zo da fasfonsa da katin zama da kwantiragi, a duba ranar ƙarewa, a duba ko rajistarsa ta OWWA, hukumar Filifin mai kula da walwalar ma'aikatanta na ƙasar waje, na da rai. Dala 25 ce kacal kuma tana ɗaukar shekara biyu, amma mutane da yawa sai su bari ta mutu, alhali in mamba mai rajista ya rasu iyalinsa na samun feso 100,000, in hatsari ne 200,000, ga kuma 20,000 na jana'iza. A tuna wa kowa zubin SSS, asusun fansho na gida, da Pag-IBIG, asusun tanadi da mallakar gida. Kowa ya cika takarda da sunan wanda za a kira a gida in wani abu ya faru, da rukunin jininsa, sakatare ya adana, ba a gurup ba.

Mutum biyu su ɗauki nauyin sanin hanyar ofisoshi. Tun da aka kafa ma'aikatar 'yan ci-rani ta DMW da dokar da aka sa wa hannu a Disambar 2021, ofishin ƙwadagon da aka sani da POLO ya koma MWO, can ake kai ƙarar albashi da matsalar mai gida, ofishin jakadanci kuma na da sashen taimakon 'yan ƙasa. Aikinku rakiya ne da nuna hanya da zama da mutum a layi, ba ku ne lauyoyi ba, kuma kada ku kuskura ku ɓoye ma'aikaciyar da ta gudo daga gidan aikinta a ɗakin wani mamba, ku kai ta ofishin, suna da wurin ajiye irinsu. Lokacin afuwar biza da Daular ta yi daga Satumba zuwa ƙarshen Disambar 2024, abin da mutane suka fi buƙata shi ne wanda zai ce musu je ka, ba kama ka za a yi ba, ga takardun da za ka riƙe. Reshen da ya iya wannan ya yi hidimar da ta fi ta buhun shinkafa ɗari.

In kun juya waje, ba da jini shi ne mafarin da ya fi dacewa, ba kuɗi a ciki, hukuma na maraba da shi, kuma jinin bai san ɗan wace ƙasa zai shiga jikinsa ba. A tuntuɓi cibiyar karɓar jini tun da wuri a karɓi rana, a rubuta sunaye fiye da adadin da ake so don dole za a mayar da wasu, mai ƙarancin jini, wanda bai kai kilo 50 ba, wanda ya yi sabon zane a jiki, kuma 'yan frat akwai son zanen tambari a kafaɗa. A gaya wa kowa ya yi barci ya ci abinci ya sha ruwa ya riƙo katin shaidarsa, wanda ya kwana a duti ya zo ya riƙe wa mutane jaka kawai kada ya kwanta a gadon. Sharar bakin teku ma tana da kyau in an bi ta hannun hukumar birni, amma a yi ta lokacin sanyi, wanda ya san zafin Yuli a Dubai, lokacin da doka da kanta ke hana aiki a rana daga 12:30 zuwa 3:00, ba zai tara mutane a rairayi ba. Rabon abincin buɗe-baki da azumi shi ma sai da izini, ya fi sauƙi ku ba da kanku a matsayin masu aikin sa kai ga ƙungiya mai lasisi irin Red Crescent ta Daular.

Taimakon gida kuwa zuciya za ta ja ku can dole, ƙasa ce da guguwa kusan 20 ke shiga yankinta duk shekara, kuma ba wanda ya manta Yolanda ta Nuwamban 2013 da ta kashe sama da mutum 6,000, ta daidaita Tacloban. Amma ku yi da hankali. Kwalin balikbayan da ake aikawa ta jirgin ruwa makonni yake yi, wani lokaci fiye da wata biyu, ba kayan gaggawa ba ne, ya fi dacewa da littattafai da kayan makaranta da za a shirya tun da wuri don Brigada Eskwela, makon da iyaye da malamai ke gyaran azuzuwa kafin a koma karatu. Na gaggawa a bi ta ƙungiya mai izini, ko kowa ya aika nasa da kansa. Kuma ku zaɓi makaranta ɗaya ko ƙauye ɗaya ku riƙe shekara da shekaru, da wani reshe na gida da zai karɓa ya turo rasit, maimakon bana nan baɗi can, ko wane shugaba ya ja abin zuwa garinsu.

In rigima ta taso

Za ta taso. A kafa kwamitin mutum uku da ba sa cikin shugabanni, duk mai ƙorafi ya kai musu, su zauna da mutanen biyu ido da ido cikin mako guda, kuma doka ce ba a kawo faɗa gurup. Siyasar gida a bar ta a waje, zaɓen 2022 tsakanin Marcos ƙarami da Leni Robredo ya raba abokai da dangi, kama tsohon shugaban ƙasa Duterte da aka yi a Maris 2025 aka kai shi kotun duniya ta Hague ya sake tayar da ƙurar, kowa na da 'yancin ra'ayinsa da ƙuri'arsa amma ba da tutar reshe ba. Tsohuwar gabar da ke tsakanin ƙungiyoyi ma kada a ɗauko ta a jirgi, hanya mafi sauƙi ita ce ranar ba da jininku ta biyu ku gayyaci reshen waccan ƙungiyar da kuka saba hararar juna a Manila, ku raba aikin, sunansu ya fito daidai da naku a sanarwa.

Abu na ƙarshe shi ne miƙa mulki, kuma tun watan farko ake shirinsa. Takardar amincewar uwar ƙungiya, kundin tsari, littafin kuɗi, rasitai, lambobin mutanen cibiyar jini da na MWO, da kalmomin sirrin shafin Facebook da imel, duk su zauna a wuri ɗaya da mutum uku ke iya buɗewa. Wata biyu kafin zaɓe a sa mambobi biyu da ba su taɓa riƙe kuɗin ba su bi littafin layi-layi su karanta sakamakon a mitin. Sabon shugaba ya yi wata ɗaya yana bin tsohon zuwa ofishin jakadanci da cibiyar jini ana gabatar da shi. Wanda kuma zai koma gida gaba ɗaya a rubuta masa takarda zuwa reshen garinsu, a cire shi daga masu sa hannu a asusu kafin ranar tafiyarsa.